Kandaji da haihuwar kifi: tambayar da ba ta cikin lissafin megawat

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, ruwan kogin Isa yakan rikiɗe ya yi ja a Yamai. A makonnin nan ne matan da ke gyaran kifi a bakin kogi suke fasa tarwaɗa su tarar da cikinta maƙil da ƙwai. Mai saye yakan ɗauka gyara aka yi masa, har ya ce a soya masa ƙwan daban. Masunci kuwa ya san abin da ya faru: a kan hanyarta ta zuwa fadama aka tare ta, saura kwanaki kaɗan ta zuba abin da ta yi watanni tana tarawa. Tarwaɗa mai nauyin kilo ɗaya tana iya ɗauke da ƙwai fiye da dubu 50.

Wannan ɗan abin da ake gani a kan farantin mai kifi yana da alaƙa da aikin da Nijar ta fi daɗewa tana jira, wato madatsar ruwa ta Kandaji, mai nisan kusan kilomita 180 arewa maso yamma da Yamai, cikin jahar Tillaberi. Marigayi shugaba Tandja Mamadou ne ya aza tubalin farko a watan Agustan 2008. Aka ba wani kamfanin Rasha aikin, aka karɓe shi a 2013 saboda jan ƙafa. A watan Maris na 2019 shugaba Issoufou Mahamadou ya sake ƙaddamar da shi a hannun kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, wanda shi ma ya dakatar da aiki a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ya sa masu ba da lamuni sun tsuke bakin aljihu.

Alƙaluman da ake yawan maimaitawa su ne: megawat 130 na wutar lantarki, hekta dubu 45 na noman rani, da alkawarin cewa ko a tsakiyar bazara ruwan da ke ratsa Yamai ba zai yi ƙasa da mita kubik 120 a kowace daƙiƙa ba. Babu mai raina waɗannan. Wanda ya ga kogin ya tsaya cak a Yamai a watan Yunin 1985, ko ya kwana cikin zafin Afrilu babu wuta, ya san darajarsu. Amma akwai tambayar da ba kasafai take fitowa a jawaban bikin ƙaddamarwa ba: a wane wata za a tare ruwan, a wane wata za a sake shi, kuma da wane irin sauri? Ga injin lantarki, ruwa ruwa ne ko yaushe ya zo. Ga kifi ba haka ba ne.

Mataki biyu kafin ƙwai ya fito

Jikin macen kifi yana shirya ƙwai ne a mataki biyu, kuma kowanne da abin da ke tayar da shi.

Na farko mai tsawo ne, yana cin watanni. A ƙwaƙwalwar kifi akwai sashen da ke auna abin da ke faruwa ciki da waje: tsawon yini, ɗumin ruwa, da yawan kitsen da jiki ya ajiye. Idan ya gamsu, sai ya aika wani sinadarin saƙo, irin waɗanda likitoci ke kira ormon, zuwa ga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda girmansa bai fi ƙwayar gero ba. Sunansa ipofiz. Shi kuma ya saki nasa saƙon cikin jini zuwa jakar ƙwai. Jakar ta fitar da wani ormon mai suna estradiyol, wanda ke umartar hanta ta fara haɗa abin da zai zama gwaiduwa. Jini yana kwasowa daga hanta, ƙwayayen suna zuƙa suna kumbura, har nauyinsu ya kai kashi 15 cikin ɗari na nauyin uwar, wani lokaci ma ya zarce. A wajen namiji, irin wannan saƙon ne ke cika maraina da maniyyi.

Abin lura shi ne inda kayan ginin ke fitowa. Kifin kogi yana cin mafi yawan abincinsa na shekara ne a lokacin da ruwa ya malale fadama, inda ake samun ƙwari, tsutsa, irin ciyawa da ruɓaɓɓen ganye. Da ruwa ya janye, sai ya koma kwarin kogi da gurabe masu zurfi, abinci ya yi ƙaranci, girma ya kusan tsayawa. Masuntan Bozo na ƙasar Mali sun daɗe da sanin haka: ɗan ƙaramin kifin nan da suke kira tineni, lokacin da yake fitowa daga fadama ne suke kama shi su tatsi mai, domin a lokacin ne yake cike da kitse. Da kitsen bara ake gina ƙwan bana. Shi ya sa cikowa maras ƙarfi take cutar da kifi sau biyu, ta rage ƴaƴan wannan shekara, ta kuma bar iyayen shekara mai zuwa a rame.

Mataki na biyu kuwa na sa'o'i ne. Ƙwai ya cika, amma ba ya fita, domin ƙwaƙwalwa tana riƙe da birki, wani sinadari da ake kira dopamin, wanda ke hana ipofiz sakin saƙon ƙarshe. Tarwaɗa tana iya yin makonni a wannan hali. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kogi ya ɗaga, sabon ruwa ya hau kan ciyawa, sai birkin ya saku, saƙon ya kwararo cikin jini lokaci guda, ƙwayayen su ƙarasa nuna su rabu da jakarsu. Da dare ya yi, maza da mata su yi ayari su haura cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, su zuba ƙwai a kan ciyawa, su juya. Ƙwan yana manne wa ciyawar, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi. Idan kuwa alamar ba ta zo ba har lokaci ya wuce, jikin uwar yakan narkar da ƙwan ya mayar da shi abinci. Shekarar ta tafi ke nan, kuma babu wanda zai ga gawar kifi ko guda a kan ruwa balle ya yi ƙara.

Mene ne ainihin abin da kifin ke ji? Ba tashin ruwa kaɗai ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Frank Kirschbaum, ya yi gwaji tun daga shekarun 1970 a kan kifayen nan masu fitar da ɗan lantarki daga jikinsu, har da wani jinsi da ake samu a kogin Isa. Cikin kwamin gilashi ya riƙa kwaikwayon damina: yana yayyafa ruwa daga sama, yana ƙara zurfi, yana tsarma ruwan da wanda ba shi da gishiri. Kifayen suka shirya ƙwai suka zuba. Daga cikin abubuwan uku, raguwar gishirin ruwan ce ta fi tasiri. Wato kifi yana ɗanɗana damina ne, ba kallonta yake yi ba. Ruwan da aka tare watanni a bayan bango, aka sake shi a watan Afrilu, zai ɗaga kogi, amma ba zai zo da ɗanɗanon sabon ruwa ba, kuma ba zai zo a lokacin da jikin kifin ya shirya ba.

Shaidar allura

Duk mai kiwon tarwaɗa a kwami, a Yamai ko a Maraɗi ko a Kano, shaida ne a kan wannan, ko da bai taɓa jin sunan ipofiz ba. Uwar kifi tana cin abinci ta ƙoshi, cikinta ya cika taf, amma ba za ta zuba ƙwai da kanta ba ko za ta shekara. Sai an yi mata allura. Wasu suna fasa kan namiji su ciro ɗan ƙullutun nan, su niƙa shi cikin ruwan gishiri su tsira mata. Wasu suna sayen maganin kwalba irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo. Bayan sa'o'i 8 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a matse cikinta ƙwan ya zubo cikin kwano. Namijin kuwa sai an yanka shi an ciro maraina, domin nasa ba ya matsuwa.

Tarihin wannan dabara yana da darasi ga Sahel. A shekarun 1930 aka fara amfani da ita sosai a arewa maso gabashin Birazil, yanki mai fari, inda gwamnati ta giggina madatsun ruwa ta zuba musu kifin kogi. Kifin ya girma amma ya ƙi haihuwa, domin irin wanda ke haura kogi ne lokacin cikowa. Rodolpho von Ihering da abokan aikinsa suka ɗora a kan binciken Bernardo Houssay na Ajantina, suka fara yi wa kifi allurar ipofiz. Shi kuwa maganin kwalba ya samo asali ne daga aikin haɗin gwiwar Lin Haoran na ƙasar Sin da Richard Peter na Kanada a shekarun 1980. Abu biyu ne a cikinsa: kwafin saƙon ƙwaƙwalwar kifin salmon, wanda ke barin teku ya haura kogi ɗaruruwan kilomita ba ya cin komai don ya je ya haihu, da kuma wani magani mai sakin birkin dopamin. Saƙon kifin tekun arewa ne ke sa tarwaɗar Gamkalle zuba ƙwai.

Allura ta warware matsalar kwami. Ba ta warware ta kogi ba, kuma ba za ta warware ba. Babu mai bin bargi da faliya da kurungu cikin kilomita 550 na kogin da ke ratsa Nijar yana tsira musu allura.

Cikowa biyu

Yamai tana ganin cikowa biyu a shekara. Akwai ja, ta watan Agusta da Satumba, wadda ruwan daminar yankin ke kawowa ta rafukan da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso, wato Gorouol, Dargol da Sirba. Akwai kuma baƙa, wadda ruwan tsaunukan Gini ne da ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali, ba ya kai ƙololuwarsa a Yamai sai wajen Disamba ko Janairu. Ta farko ce ke zuwa daidai da lokacin zuba ƙwai na yawancin kifaye. Ta biyu ce ke riƙe ruwa a fadama har ƴaƴan su yi ƙwari. Ɗan kifin da ya samu wata huɗu ko biyar cikin burgu yana komawa kogi da girman da zai tsere wa bakin tsage da giwan ruwa. Wanda ruwa ya kora bayan wata guda, abincin wasu ne.

Ba kowane kifi ne ke da gaggawa irin ta tarwaɗa ba. Bargi yana share fili cikin ciyawa mai kauri ya yi sheƙa zagayayya mai faɗin kusan mita guda, iyayen su tsaya gadi. Yauni yana yin tasa sheƙar a kan ciyawa mai yawo bisa ruwa, ya zuba manyan ƙwai kimanin dubu kacal. Irin waɗannan suna buƙatar ruwan da zai hau a hankali ya zauna makonni. A shekarun baya-bayan nan kuwa jar cikowa ta sauya hali. Saboda ƙasar yankin Sirba ta zaizaye ta yi tauri, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kwararo gaba ɗaya da laka da rairayi, ya hau da sauri ya sauka da sauri. A watan Satumban 2020 ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba, ya fasa shingaye ya ci unguwanni. Ambaliyar da ke rusa gidaje ba lalle ba ne ta zama alheri ga kifi.

Sannan fadamar ma kanta ta ragu. Yawancin filayen shinkafa da hukumar ONAHA ke kula da su a bakin kogi, daga Tillaberi zuwa Gaya, a cikin tsoffin fadamun burgu aka yi su, aka kewaye su da shingen ƙasa. Shinkafa ta samu, kifi ya rasa ɗakin haihuwa. Ciniki ne da aka yi ba tare da an tambayi masunta ba.

Abin da ya faru a Mali da tafkin Cadi

Ba hasashe ba ne, an riga an gani. A fadamun tsakiyar Mali, masu binciken cibiyar ORSTOM ta Faransa, wadda yanzu ake kira IRD, sun bi diddigin kamun kifi na shekaru. Daga kusan tan dubu 90 a ƙarshen shekarun 1960, kamun ya faɗi ƙasa da rabin haka a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da fari ya rage faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa. Raymond Laë, ɗaya daga cikinsu, ya nuna cewa kamun kowace shekara yana bin girman cikowar da ta gabata sau da ƙafa, kuma mafi yawan kifin da ake kamawa bai cika shekara guda ba. Jinsunan ma sun sauya. Yauni da faliya da sauran masu dogaro da fadama suka ja baya, tarwaɗa da karfasa suka mamaye kasuwa. Ya kuma lissafa cewa ban da fari, madatsun Markala da Selinge suna da nasu kason a asarar. Ita Markala, da aka gama a 1947, an yi mata hanyar da kifi zai bi ya haura, Jacques Daget ya yi nazarinta tun 1950, amma ba ta hana kifi cunkushewa a gindin bangon ba.

A tafkin Cadi, dattawan Difa da Bosso suna tuna salanga, siririn kifin nan mai sheƙi da ake shanyawa. Yana girma a cikin tafki, sai ya shekara biyu zuwa uku kafin ya balaga, sannan ya haura kogunan Shari da Logon ya haihu, ƴaƴansa su yi ƙwari a fadamun arewacin Kamaru su gangaro. Farin 1973 da 1974 ya yanke wannan zagaye, kasuwar salanga ta rushe, bandar tarwaɗa ta maye gurbinta. Bandar da ake saukewa a Damagaram da Maraɗi yau, wadda mutane ke ɗauka tun fil azal haka take, gadon wancan fari ce.

To me Kandaji za ta yi?

Adalci shi ne a faɗi abin da ba za ta yi ba tukuna. Tafkin da za ta tara, kimanin mita kubik miliyar 1 da miliyan 600, bai kai kashi 10 cikin ɗari na ruwan da ke wucewa a shekara mai kyau ba. Ba ta da cikin da za ta haɗiye cikowa ɗungurungum. Kuma Dargol da Sirba suna shiga kogi ne a ƙasa da bangon, don haka jar cikowar Yamai ba za ta ɓace ba. Ƙarin ruwan bazara ma yana da amfani ga kifi, domin a watannin Afrilu zuwa Yuni ne iyaye ke matsuwa cikin ƴan gurabe, inda taru ɗaya ke iya kwashe su da ƙwansu. Tafkin kansa zai ba da kifi, kamar yadda na Kainji da na Selinge suka bayar, kuma wasu daga cikin kusan mutum dubu 50 da za a tayar daga Ayorou da kewaye za su rayu da shi.

Amma kifin tafki daban, na kogi daban. Karfasa, wadda ke haƙa ɗan rami a rairayi uwar ta ɗauki ƙwan a baki, ba ruwanta da cikowa, za ta yi yawa. Masu haura kogi kuwa za su tarar da bango. Tun 1968 Kainji ta rufe hanya daga kudu, Markala ta rufe daga can sama. Tsakaninsu akwai doguwar hanya a buɗe, ita ce Kandaji za ta raba biyu, kuma Mali tana da shirin tata madatsar a Taoussa.

Abu na biyu shi ne lokacin cika tafkin. Idan aka tare ruwa a farkon hawansa, an taɓa alamar da kifi ke jira tsakanin bangon da bakin Sirba, an kuma jinkirta shigar ruwa fadama. Idan aka jira sai baƙar cikowa ta fara sauka sannan aka rufe ƙofofi, fadamun ƙasa za su bushe da wuri, a kori ƴaƴan kifi tun ba su yi ƙwari ba, wasu su maƙale a kududdufai. Kowane zaɓi da kuɗinsa. Akwai kuma na uku da ba a cika kawowa ba: madatsar da ke bin buƙatar wuta tana iya ɗaga ruwa da yamma ta sauke shi da asuba. Ƙwan da aka manna wa ciyawa cikin ruwa mai zurfin taƙi guda, sa'o'i kaɗan a sarari sun ishe shi mutuwa.

Taru da balagar wuri

Ba daidai ba ne a ɗora wa siminti laifin duka. Tun kafin a gama bango, taru yana yin nasa aikin. Doka mai lamba 98-042 ta 7 ga Disamban 1998 ta hana su da guba da nakiya, ta hana taru mai ido ƙasa da yatsa uku, ta hana kama kifin da bai balaga ba da lalata wuraren haihuwarsa. An sabunta dokar a 2021 aka haɗa da kiwon kifi. Amma duk wanda ya je bakin ruwa ya san gidan sauron da aka raba don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro yana kamun kifi.

Ko da an bi dokar yatsa uku, ido ɗaya ba zai kare kowa ba. Karfasar da ta maƙale a irin wannan taru ta riga ta haihu. Macen giwan ruwa kuwa ba ta balaga sai ta haura santimita 60, bayan shekara uku ko fiye, don haka tarun halal ma yana kama ta tana yarinya. Manyan da ake ɗaukar hoto da su a kasuwa kusan duk mata ne, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da miliyoyin ƙwai.

Kifi yana da amsarsa ga wannan matsi, amma amsa ce mai tsada. Idan ana kwashe manya kullum, waɗanda suka balaga da wuri suna ƙanana ne kaɗai ke barin baya. Masu kiwon karfasa sun san abin: a kwamin da ya cunkushe, kifin da bai fi tsawon yatsa da rabi ba sai a gan shi da ƙwai a baki, daga nan kuma girma ya tsaya, domin abincin ya koma gina ƙwai. A gaɓar Kanada an ga haka a kifin teku da ake kira kod: shekaru kafin kamunsa ya durƙushe a rufe sana'ar a 1992, ya riga ya fara balaga da ƙarancin shekaru da ƙaramin jiki. Ƙananan kifi masu ƙwai a kasuwa ba alamar albarka ba ce.

Abin da ya fi ƙa'idar ido tasiri shi ne hana su a bakin mashigin fadama cikin makonnin da kifi ke haurawa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, gurbin Matan Fada a rufe yake sai ranar biki, kuma sarakunan ruwa a wurare da dama suna da ikon cewa yau ba a shiga. Matsalar ita ce waɗannan makonni su ne mafi sauƙin kamu a shekara, sun kuma faɗo daidai lokacin da rumbu ya ƙare, hatsi ya yi tsada. Jami'in gandun daji da zai ce wa magidanci ya naɗe tarunsa a watan Agusta ba tare da ya zo masa da komai ba, ya san amsar da zai samu.

Tafkunan Maraɗi, Tawa da Damagaram

Mai karatu a Tasawa ko Madawa yana iya cewa wannan zancen mutanen kogi ne. Ba haka ba ne. Kifin Madarunfa, na Tabalak, na Dan Dutsi da na Gidimuni duk jiki ɗaya ne da na Isa. Hukumomi da ƙungiyoyi suna kashe kuɗi wajen zuba ƴaƴan kifi a tafkuna, kuma rahoton da ake bayarwa yawanci na adadin da aka zuba ne. Tambayar da ta fi wannan ita ce ko kifin zai haihu da kansa a wurin. Karfasa za ta haihu, har ta yi yawa ta tsumbure idan babu mai cinta. Tarwaɗa sai tafkin yana da gefen ciyawa da sabon ruwa zai hau a damina. Bargi sai da ciyawa mai kauri da ba a tattake ba. Tafkin da aka nome gefensa har bakin ruwa, dabbobi suka cinye sauran, kowace shekara sai an sake sayo masa iri.

Madarunfa tana da ƙarin matsala, domin wani ɓangare na ruwanta daga gulbin Maraɗi yake zuwa, shi kuwa gulbin tun farkon shekarun 1990 yana ƙarƙashin ƙofofin madatsar Jibiya a jahar Katsina. Haka Komadugu take ƙarƙashin Tiga da Challawa kafin ta iso Difa. Nijar da Najeriya sun sa hannu kan yarjejeniyar rabon waɗannan ruwaye a Maiduguri a 1990, sai dai duk lokacin da maganar ta taso, kan noman rani da rijiyoyi ake yinta. Abin da mutanen Maraɗi ke kuka da shi game da Jibiya, shi ne mutanen Gaya da Yawuri za su iya yi game da Kandaji.

Ƙofofin madatsa ba sa buɗe kansu. Akwai takardar ƙa'idar sarrafa ruwa da ke faɗa wa injiniya abin da zai yi kowane mako, kuma a cikinta ne za a yanke wa kifi hukunci. Yarjejeniyar ruwa da ƙasashe 9 na hukumar ABN suka sa wa hannu a Yamai a 2008 ta amince cewa akwai kason ruwan da dole a bar wa muhalli. Amma ana yawan fassara wannan da mafi ƙarancin ruwan bazara, alhali abin da haihuwar kifi ke buƙata shi ne siffar hawan ruwa da saukarsa. An taɓa gyara irin wannan kuskure. A arewacin Kamaru, madatsar Maga ta 1979 ta busar da babban yanki na fadamar Waza da Logon, sai a 1994 aka sake buɗe wani rafi da aka toshe, ruwa ya koma kan kimanin murabba'in kilomita 200, ciyawa da kifi da masunta suka dawo. A kogin Senegal kuwa, madatsar Manantali ta riƙa sakin cikowar da aka tsara domin fadamun ƙasa a shekarun farko bayan gina ta. Tun da injinan lantarki suka fara juyawa a farkon shekarun 2000, kowane mita kubik da aka saki ba ta cikin injin ba ya zama kuɗin da aka yi asara a littafin kamfanin wuta, kuma buƙatar wuta ce ta rinjayi ta fadama. A Kandaji injinan ba su fara juyawa ba tukuna.